Canjin Jiya a Bani Malik

Tun ranar da muka dawo ƙawayena ba su bar ni na huta ba. Wannan ta tare ni a bakin famfo, waccan ta biyo ni har ɗaki, kowacce so take ta ji yadda Jidda take, da yadda cikin jirgi yake, da abin da na sayo. Sau uku ina fara ba da labarin, sau uku ina tsayawa a tsakiya, don da na zo wurin maganar rediyo sai in kasa ci gaba. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafina na makaranta na ce bari in rubuta. Duk wadda ta so ta karanta, amma don Allah kada a ƙara tambayata da baki.

Kun san Baba, Malam Habu, ya shekara tara a Jidda yana ɗaukar kaya a wani sito a unguwar masana'antu. Abin da ba ku sani ba shi ne kaset ɗin da aka kawo mana a farkon watan Rajab. Ba muryarsa ba ce a ciki, muryar Malam Lawali ce, wani direba ɗan Matamaye da suke zaune gida ɗaya. Ya ce Baba ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Balaraben da ya tsaya masa, wanda suke ce wa kafili, ya sa hannu a takardar fita amma ba zai biya kuɗin jirgi ba, kuma takardar tana da wa'adi. In wa'adin ya wuce Baba bai fita ba, ya zama marar takarda.

Inna ta sayar da bijimanmu biyu da keken ɗinkinta, aka haɗa jika ɗari biyu, wato sefa dubu ɗari biyu a kuɗinmu. Dangi suka yi mini kuɗin hanya, don ni ce babba kuma ni ce na yi kwaleji. Yayan Inna, Kawu Sanda, dama yana da niyyar umara, sai ya zama muharramina. Kawu ya yi hajji tun ina goye, yana da haƙorin Makka na zinari a sama, kuma a ganinsa ba abin da ya sauya a ƙasar tun da ya baro ta. Inna ta ɗinka lalita da tsohon zane mai kauri, ta jera kuɗin a ciki, ta ɗaura mini a ƙugu da hannunta. Ta ce ko wanka zan yi in rataye ta inda idona yake gani.

A nan zan faɗi laifina tun da wuri. Kafin mu tashi na ji a rediyo ana ta maimaita wata kalma da Faransanci, kuma na san ta, don malaminmu ya taɓa yi mana bayaninta: karya darajar kuɗi. Manya suna ta cewa ba za a yi ba. A cikin mota, bayan mun bar Damagaram, na faɗa wa Kawu. Ya yi dariya har haƙorin ya fito.

"Balkisa, sefa hamsin faran ɗaya na Faransa tun kafin a haife ki. Kuɗinmu ba irin na maƙwabta ba ne. Yi barcinki."

Na yi shiru. Wannan shirun ne na farko.

A iyakar Ɗan Barto aka sauke mu, mata aka kai mu gefe. Matar da ke lalube ta ɗora hannu a ƙuguna ta tsaya. Ta dube ni ta ce, "Ciki ne ko dukiya?" Na ciro wasiƙar likitan Baba da ta zo tare da kaset na miƙa mata. Ba ta iya Larabci ba, ni ma haka, amma ta ga hatimi, ta ga hawayena. Ta gyara mini zane ta ce Allah ya ba shi lafiya, in matsa lalitar baya kaɗan don ta yi tudu da yawa ta gaba.

Kano muka kwana biyu a gidan wani abokin Kawu. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba, kowa sauri yake kamar an kira shi. Rana ta biyu Kawu ya ce mu je Wapa wurin 'yan canji, ba don mu canza ba, don dai ya ji farashi. Wani dattijo mai gilashi, zaune kan benci da jaka tsakanin ƙafafunsa, ya ce zai ba mu riyal goma sha ɗaya a kowace jika.

Kawu ya ce, "A Jidda goma sha uku ne."

"Alhaji, wace shekara ka sauke farali?"

Kawu ya faɗa masa.

"To a wannan shekarar ni ma na je. Naira ɗaya riyal biyar da wani abu nake karɓa, Larabawa har tashi suke yi in sun ga ɗan Najeriya ya shigo kanti. Yau sai na ba da fiye da naira goma kafin in riƙe riyal ɗaya. Mu mun riga mun sha wannan ruwan. Kwanan nan mutanenku 'yan kasuwa sai zuwa suke suna zubar da sefa, ban san me suka jiyo ba. Kuma ka sani, a can banki ba ya karɓar takardar sefa yanzu."

"In tana shirin lalacewa, kai me ya sa kake son ta?"

"Ni yau zan saya, yau zan sayar. Kai ne za ka kwana da ita."

Dattijon ya juyo gare ni ya ce, "'Yan mata, ke ba ki ce komai ba." Na dubi Kawu, na dubi ƙasa. Da muka fito Kawu ya ce duk ɗan canji haka yake, sai ya tsorata ka sannan ya yanke ka. Wannan shirun na biyu ne.

Maganar jirgi ba zan tsawaita ba. Kunnena ya toshe har na ɗauka na kurumce, na kama hannun wata tsohuwa da ban sani ba, ita kuma ta ba ni citta ta ce in tauna. Na shiga banɗaki na kasa buɗe ƙofa, sai da ma'aikaciya ta zo. Muka sauka ranar Lahadi da safe. Mai binciken kaya ya kwance ƙullin daddawar da Inna ta aiko wa Baba, ya sansana, ya ja da baya yana tari, abokan aikinsa suna yi masa dariya. Ya mayar mini da ita da sauri, da yatsu biyu.

Malam Lawali ya zo tarbarmu. Dogo ne, mai sanyin magana, yana tuƙa wa wasu masu kuɗi mota a Abhur, can bakin teku. Ya kai mu Bani Malik, wani gida mai hawa uku da matakala ƙunci, inda maza tara 'yan ƙasarmu suke haya, uku uku a ɗaki. Mai gidan wata dattijuwa ce, Khala Zainaba. A Jidda aka haife ta, kakanninta ne suka zo hajji da ƙafa ba su koma ba. Hausarta rabi Larabci ce. Ita ta ba ni wurin kwana a ɗakinta, ta ara mini baƙar abaya ta ce kada in leƙa ko bakin ƙofa ba tare da ita ba.

Baba yana kwance a kan katifa a hawa na biyu. Ban gane shi ba sai da ya yi magana. Bakinsa ya karkace, kalma tana fita da ƙyar, amma abin da ya fara cewa shi ne, "Wa ya ba ki izinin yin tsawo haka?" Na durƙusa na kifa kaina a kan hannunsa mai lafiya. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba.

Malam Lawali ya yi mana bayani: tikiti da takardar likita ta shiga jirgi za su ci kusan riyal dubu biyu da ɗari huɗu. Takardar fita za ta mutu Talata ta sama, jirgin ƙarshe kafin nan ranar Litinin ne. Ya ce mu canza kuɗin tun yau. Kawu ya ce muna cikin harami, ba zai tsaya ciniki ba sai mun sauke umara. Muka tafi Makka. Abin da na ji da na ga Ka'aba ba na wannan littafin ba ne. Abin da zan ce kawai, ko a ɗawafi hannuna ɗaya yana kan lalita.

A kwanakin nan na ga abubuwa. Da safe ba koko ba fura, sai wake da aka dama da mai, suna ce masa ful, a ci da wani faffaɗan burodi mai zafi da ya kai faifai girma. Da an kira salla kowane kanti sai ya ja ƙofa, ko kana tsakiyar ciniki. Mutum zai wuce ka a matakala ba sallama mai tsawo, ba tambayar gida da gajiya; a wurinmu da an ce yana fushi da kai. Kyanwoyi kuwa sun fi awakin unguwarmu yawa, kuma sun fi su ƙiba. Ruwa saye ake yi a mota. Na zubar da rabin bokiti ina wanke wa Baba kaya, Khala ta ce, "Ya binti, 'yata, wannan ba rijiyar kakanki ba ce, shwayya shwayya, a hankali."

Ranar Talata Malam Lawali ya kawo wani ɗan kasuwa ɗan Maraɗi da zai koma gida, irinsu kaɗai ke karɓar sefa a can. Ya ce goma sha biyu. Na yi lissafi a zuciyata, na ga ya yi daidai da abin da muke nema, ba ragi ba ƙari. Kawu ya ce goma sha uku.

Malam Lawali ya ce, "Alhaji, a karɓa. Ya isa."

"Ya isa tikiti. Maganin da zai sha a gida fa? Ƙanwata ta sayar da keken da take ci da shi. In koma mata hannu wofi saboda na yi gaggawa?"

Ku lura, ba don kansa yake yi ba. Mutumin ya ce zai dawo gobe, ko Alhaji ya sake shawara. Ina tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi, kuɗin suna jikina, maganar tana bakina. Ban faɗa ba.

Laraba da safe ina ba Baba kunu da cokali, rediyon ɗaya daga cikin mazan yana magana a ɗakin kusa. Sai na ji an ƙara murya. Mai labarai ya ce shugabanni sun zauna, an karya darajar sefa da rabi, daga yau sefa ɗari ce faran ɗaya. Cokalin ya faɗi. Na taɓa ƙuguna, lalita tana nan, ɗaurinta bai motsa ba, nauyinta bai ragu ba. Ba wanda ya taɓa ni. Amma bijimi ɗaya da rabin keke sun fita daga cikinta ina zaune. Wannan ne har yau hankalina ya kasa ɗauka. Da ɓarawo ne da na yi ihu, da an bi shi.

Ɗan Maraɗin ya dawo kamar yadda ya ce. Bai zauna ba. Ya ce shida, kuma shi ma yana da sefa a jakarsa da ya saya jiya, ya yi asarar da ta fi tamu. Kawu ya miƙe. Ya fita ya zauna a matakala, ya cire hula ya riƙe ta a hannu har azahar.

Da yamma wani daga cikin mazan, Illa, ya ce akwai hanya. In takarda ta mutu, a kai Baba ƙarƙashin gada inda marasa takardu ke zama, a kwashe shi tare da su, a mayar da shi gida kyauta. Na tambayi Khala yadda abin yake. Ta ce ana tsare mutum tukuna, wani sati biyu, wani wata biyu, cikin cunkoso, kuma ba za a bar ni in bi shi ba. Baba ko juyawa ba ya iya yi sai an juya shi. Daga wannan lokacin na daina cin abinci.

Juma'a ce ranar hutunsu. Bayan an sauko daga masallaci suka taru a tsakar gida a kan babban tire na shinkafa da kaza, ni ina ɗakin girki tare da Khala, labule ne kawai tsakaninmu. Sai na ji suna dariya. Sai a lokacin na gane abin da ban yi tunaninsa ba: su riyal suke karɓa. Abin da ya kashe ni shi ya raya su.

"Ɗari uku da nake aikawa yanzu ta zama kamar ɗari shida."

"Kai Illa, bana dai za a rufa ɗakin nan naka, ko sai ya cika shekara goma yana kallon sama?"

"Ka bari kawai. Har ƙofar ƙarfe zan sa."

Ban ga laifinsu ba, wallahi. Shekaru suna ɗaukar buhu a zafin nan. Amma na zauna a ƙasa na toshe bakina da abaya. Khala ta dube ni, ta ajiye ludayi, ta ɗaga labule.

"Mabruk, barkanku, ya jama'a. Ku ci, ku yi murna. Bas ku rage murya, don wadda aka ciro ribar daga ƙugunta tana nan bayan labule."

Can sai na ji Malam Lawali ya yi gyaran murya.

"Kowa a nan yana da abin da ya tara zai aika kafin azumi. Da ba a yi wannan abu ba, a goma sha biyu za mu aika, kuma ba wanda zai ce an cuce shi. To ni zan sayi sefar ɗiyar Malam Habu a canjin jiya. Iyalina za su sami abin da suka saba samu. Ninkin ya jira wata mai zuwa."

Wani ya ce, "Amma can kaya za su tashi."

"Za su tashi. Ban ce kyauta ba ne."

Aka ɗan yi gardama, ba mai zafi ba. Ɗaya ya ce Malam Habu ne ya karɓe shi ranar da ya sauka ba ya da ko bargo. Wani ya ce shi ɗari biyu kawai zai iya. Illa kuwa ya ce shi ba zai iya ba, damina uku matarsa tana kwana a ɗakin uwarsa, ya riga ya yi mata alkawari. Ba wanda ya zarge shi. Shi ne ma ya goya Baba ya sauko da shi matakala ranar tafiya.

Mutum bakwai suka sa hannu, aka haɗa, ya rage kaɗan bai cika ba. Asabar da safe Kawu ya fita shi kaɗai, bai dawo ba sai la'asar, da auduga a baki. Ya ajiye riyal ɗari da 'yan kai a gaban Malam Lawali. Ya je an cire masa zinarin haƙorinsa, maƙerin ya auna ya ce siriri ne ƙwarai. Ragowar Khala ta cika daga kuɗin hayar da Baba ya biya gaba. Baba ya dubi bakin Kawu ya daɗe, sannan ya ce da karkataccen bakinsa, "Sanda, kai ma an karya maka daraja." Kawu ya yi dariya, sai dariyar ta koma kuka. Ya juyo gare ni ya ce, "Kin faɗa mini a mota." Na ce, "Sau ɗaya na faɗa, Kawu. Sau uku ya kamata."

Na kwance lalita a ɗakin Khala na fito da kuɗin, na miƙa wa Malam Lawali. Ya raba su kashi bakwai, kowa gwargwadon abin da ya bayar, ya kawo ambulan, ya ce in rubuta sunan matar kowa da garinsu tun da ni ce mai rubutu. Da na gama ya tattara ya miƙo mini.

"Me za mu yi da sefa a nan? Ke za ki kai."

Haka na mayar da su cikin lalita. Takardun da Inna ta jera da hannunta, su ɗin dai na sake ɗaurawa, suka hau jirgi suka dawo. Litinin muka tashi, Baba a kan keken marasa lafiya, saura kwana ɗaya takardarsa ta mutu.

Sati guda bayan mun iso na fara raba ambulan. Shida na ba direbobin tasha da aka yarda da su. Na Malam Lawali na ce ni zan kai da ƙafata. A lokacin sukari da sabulu da magani duk sun tashi, kun gani da idonku. Na sami matarsa, Rabi, tana surfe, 'ya'ya biyar a tsakar gida. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa, ta buɗe ambulan ta duba sau biyu.

"An ce kuɗin Makka ya ninka. Maƙwabciyata da aka aiko wa jiya ninki ta samu. Ko mai gidan ya rage ne?"

Da zan iya cewa ban sani ba. Bakina ya so ya yi shirun da ya saba. Amma na gaya mata duka, tun daga Wapa har labulen Khala. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ta dubi kuɗin, ta dubi 'ya'yanta.

"Malam Habu yana cin abinci?"

"Yana ci. Jiya ma ya riƙe cokali da kansa."

Ta ninke kuɗin ta ɗaure a bakin zane. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwai shida a ƙwarya ta ajiye a gabana.

"Ki kai masa. Ki ce masa in azumi ya zo ya riƙa sa mu a addu'a da suna, don sukarin kununmu ne ya hau jirgi da shi."